Tsakanin Janyau da Riƙau

Tsohuwar da ta kawo mini lasifikar nan ba ta da inuwa. Rana ta take, kasuwar Malumfashi ta cika maƙil, kowa inuwarsa na ƙarƙashin ƙafarsa, ita kuwa babu. Na gani, na kau da kai, don mai sana'a ba ya ƙare wa mai kawo aiki kallo.

Sunana Jatau, gyaran rediyo da lasifika nake yi. Matata Ladidi, 'yarmu ɗaya tilo, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, muke kiranta Uwani. A lokacin ba ta kai shekarun fara azumi ba.

Tsohuwar ta sa wani ɗan dako ya dire akwatin a kan bencina, ta tsaya nesa da shi, ta ce, "Ya kai mai gyaran muryoyi, ba gyara na kawo maka ba. A cikin wannan akwati akwai mayen ƙarfe guda biyu, wani mugu ya kulle su. Kwance mini ƙusoshin da suka kewaye su, domin hannuna ba ya taɓa ƙarfe. Zan zaga in dawo. Amma allon da za ka tarar a tsakaninsu, ko gobara ce ta tashi, kada ya motsa."

Na ce, "To, Iya."

Mayen ƙarfe ba baƙona ba ne, kowace lasifika da nata a ciki. Na san ƙaramin ma yana cizon yatsa har jini ya taru. Na san idan biyu suka manne ba a ja, sai dai a kwantar da su a bakin benci a zame ɗaya ƙasa, a sa kwali ko katako a tsakani, a ajiye nesa da waya da hannun yara. Amma ban taɓa ganin irin waɗannan ba. Duwatsu ne baƙaƙe wuluk, kowanne faɗin faifai, tun daga nesa suka fizge filaya daga hannuna. Da ƙyar na ciro su. A tsakaninsu akwai allon kirya mai zayyana, ja da kore, kyakkyawa kamar na saukar karatu.

Aka kira azahar. Na lulluɓe su da buhu, na ce wa maƙwabcina Ɗan'azumi mai walda ya sa ido, na tafi masallaci. Muna cikin sujada muka ji ƙara kamar aradu ta faɗi a tsakiyar kasuwa.

Da na iso, buhun na ƙasa. Allon ya tsage gida biyu. Kwanon tuwon da Uwani ta kawo mini ya manne a jikin duwatsun ya lanƙwashe, miya na ɗiga. Su kuma sun haɗe, ko gashi ba zai shiga ba. Abin da ya rage a waje kawai shi ne gefen ɗankwalinta.

Ɗan'azumi ya ce, "Wallahi juyawa kawai na yi. Allon ta gani, ta ce ya yi kyau. Taɓa shi ta yi ya zaro kansa kamar an shafa masa mai."

Sai na ji murya 'yar siririya daga cikin duwatsun. "Baba. Baba, ana matse ni."

Kafin in dawo hayyacina, jama'a sun ɗaura igiyoyi, ƙarti sun rabu biyu suna ja. Uwani ta ƙwalla ihun da har yau yake cikin kunnena.

Na ce, "Ku saki! Don Allah ku saki! Ba a ja!"

Na kwantar da su a bakin benci na danna ɗaya ƙasa, bencin ya karye. Na kai su bakin dakalin siminti, ya ruguje kamar garin kwaki. Ina durƙushe a nan tsohuwar ta dawo. Ta dubi tsagaggen allon, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi jaje ba.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, ni ce Tsatsa, uwar goyon waɗannan. Tagwaye ne, Janyau da Riƙau, 'ya'yan Sarkin Birnin Kirya. Tun a ciki suke kokawa. Duk ranar da suka haɗu sai su rungumi juna, abin da ke tsakani kuwa ba ruwansu da shi. Babu bakin da zai ɗauki nauyin zame su sai Dakalin Rabuwa da ke fadar ubansu. Ka ɗauke su da kanka, ni ba su yarda da ni in suna haɗe. Ƙofa tana tsohon ramin tama da ke bayan garinku. Muddin 'yarka na magana, da sauran lokaci. Sharaɗi ɗaya ne. Kada ka shiga birninmu da ƙarfe, ko da kan allura ne."

Na kai su gida a cikin akushi. Ladidi ta riga ta ji, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta kifa kunne a kan dutsen tana kiran, "Uwar masu gida, ki yi mini magana."

"Inna, ba na iya juyawa."

Na cire bel da agogo da makullai. Na tuɓe wando mai zif na sa na zariya. Ladidi tana kallona, sai ta ce, "Malam, haka za ka shiga cikin iskoki hannu rabbana? Jinjiri ma ana ajiye masa wuƙa a gefen kai. Ni da nake jego, ko banɗaki ban shiga babu ita ba."

"An ce ko kan allura."

"Su suka ce. Ai dole su ce, tunda shi suke tsoro."

"Ladidi, ki bar maganar nan."

Ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito da rigata ta saƙi ta sa mini da hannunta. Na cika wata ƙatuwar ƙwarya da audugar rimi, na binne akushin a tsakiya, na rufe da faifai, na ɗora a kai.

Ramin tama ya haɗiye ni. Na yi ta gangara cikin duhu har na ɓulla wata ƙasa mai farar rana marar zafi. Gabana fili ne na baƙin yashi, ido ba ya ganin ƙarshensa. Ina sa ƙafa yashin ya miƙe tsaye kamar gashin mage, ya taso kamar fari, ya lulluɓe ƙwaryar. Nauyi ya yi ta ƙaruwa har wuyana ya fara ƙara. Na durƙusa, na zaro akushin da sauri na ɗaga shi sama, sai yashin da ke jikin ƙwaryar ya zube. Na mayar na ci gaba. Haka na yi ta yi, in ɗauka, in sauke, in zubar, har gwiwoyina suka sale.

"Baba, ina muke?"

"Mun kusa, uwata."

"Tuwonka ya zube ko? Inna za ta yi faɗa."

"Ba za ta yi ba. Ki dai ci gaba da magana."

Bayan filin sai daji. Itatuwansa ba su da ganye, abin da ke reto a rassansu takubba ne da māsu da kibau, duk makaman da aka yi yaƙi da su a duniya aka manta. Ina dosowa suka juyo da tsininsu gaba ɗaya, suna kallona. A bakin hanya wani aljani na zaune, wuyansa ya fi na raƙumi tsawo, ya naɗe shi a kafaɗa kamar rawani.

Na ce, "Salamu alaikum, ya mai tsaron daji."

Ya ce, "Aminci ga wanda ya san abin da ya ɗauko. Ya kai ɗan Adam, makaman dama suna son kayanka, na hagu ma suna so. In ka karkata taki ɗaya, waɗanda ka kusanta za su tsinko. Bi tsakiya, inda kwaɗayinsu ya yi daidai. Kada ka yi gudu, kada ka waiwaya, kada ka amsa kira."

Na shiga. Makamai na kaɗawa suna kuka kamar ana wasa wuƙaƙe. Can tsakiya Uwani ta yi shiru. Na kira, ba ta amsa ba. Na ɗaga kai don in saurara, ƙafata ta kauce. Wata kibiya ta tsinko, ta tsaga mini kunne, ta cake a bakin ƙwaryar tana rawa. Na fizge ta na jefar, na koma tsakiya, jini na bin wuyana.

Sai na ji, can ƙasa ƙasa, "Baba, barci nake ji."

"Kada ki yi barci! Karanto mini Ƙulhuwallahu."

Ta fara, tana yi tana tsayawa. Da ita muka fita dajin.

Birnin Kirya ba shi da ƙusa ko ɗaya. Ganuwa da ƙofofi da soraye duk itace ne da aka saƙa cikin juna. Masu gadin ƙofa biyu, kawunansu na kura, suka sunsune ni daga sama har ƙasa.

Ɗaya ya ce, "Ina jin ƙarnin ƙarfe."

Ɗayan ya ce, "Jinin kunnensa ne, kibiya ta taɓa shi."

Na farkon ya ce, "Rantse, bil'adama."

Na ce, "Na rantse da wanda ya halicce ni ya halicce ku, babu ƙarfe a jikina."

Suka buɗe.

Fadar fili ce mai faɗi, aljanu sun cika ta, wasu dogaye kamar giginya, wasu ba su wuce turmi ba. Tsatsa na gefe. Sarkin tsoho ne, gemunsa kamar saiwar gamji. A gabansa ga Dakalin Rabuwa, fari kamar ƙashi, bakinsa a miƙe. Kusa da shi wani siririn aljani mai dogayen yatsu ya tsuguna da gungumen kirya, yana sassaƙa da faratansa.

Na faɗi na yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe. 'Yata na tsakanin 'ya'yanka."

Sarki ya ce, "Mun ji, kuma mun ji nauyi. Ga dakali. Ga masassaƙinmu, shi kaɗai ya san zayyanar da ke sa su barci. Kai ka zame su, shi ya cusa sabon allo, ka ɗauki 'yarka ku tafi. Buɗe kayanka."

Na sauke ƙwaryar, na yaye auduga, na ɗago duwatsun na rungume su a ƙirjina don in ɗora a dakali. Sai na ji wuyan rigata ya yage. Wata 'yar aska, ba ta fi ɗan yatsa ba, an naɗe ta a fata kamar laya, ta fito daga cikin ɗinki. Ta yanke mini tafin hannu ta manne a dutse, ƙarfin haɗuwar ya karya ta, tsinin ya yi tsalle ya huda hannun masassaƙi ya fita ta baya.

Ban taɓa jin kuka irin nasa ba. Hannun ya yi baƙi, ya ƙanƙance kamar busasshen kuɓewa. Aljanu suka tarwatse suna ihu, "Ƙarfe! Ƙarfe a fada!" Masu kan kura suka yo kaina.

Sarki ya ɗaga hannu. "Ku bar shi ya gama. Yarinyar ba ta yi mana rantsuwa ba."

Ban tsaya bayani ba, don Uwani ta daina amsawa. Na kwantar da Janyau a kan dakalin, Riƙau ya leƙo ta baki. Na dafa shi da hannuna mai jini, na ɗora ƙirjina, na danna ƙasa, ba ja ba, zamewa. Ya ƙi. Na ce bismillahi na ƙara. Ya motsa kamar faɗin ƙwayar gero. Na ji jijiyoyin bayana suna tsinkewa. Ya ƙara motsi, ya ƙara, sai ya sulale gaba ɗaya, na faɗi tare da shi, na mirgina nesa ina ƙanƙame da shi.

Uwani ta zamo daga kan dakalin, shimfiɗe kamar ganyen da aka danne. Sai ta ja numfashi, jikinta ya ciko, ta yi tari, ta tashi zaune.

"Baba!"

Na yunƙura zan nufe ta, sai dutsen da ke hannuna ya fizge ni gaba. Ita ma na ga ana janta a ƙasa, tana turjewa da dugadugai, ƙirjinta a gaba. Tsatsa ta cafke ta, ta ruga da ita can ƙarshen fada. Masu gadi suka danne ni. Na dubi kan dakali, babu Janyau.

Sarki ya ce, "Saurara, ya kai mai rantsuwa. Da allo ya shiga a kan lokaci, da sun kwanta. Bai shiga ba. Janyau ya saba da ɗumin 'yarka, ya shige ƙarƙashin ƙashin ƙirjinta. Riƙau ya sha jininka, ko a teku ka jefa shi za ka farka ka gan shi a gefenka. Ranar da kuka kusanci juna za su haɗu, kuma ku ne a tsakani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san da askar nan ba. Uwarta ce ta ɗinka, tsoro ne irin na uwa."

"Mun yarda. Shin yardarmu za ta mayar masa da hannu?"

"To a sassaƙa wani allon. Zan jira."

"Raunin ƙarfe a jikinmu yana warkewa, amma jikokin jikokinka ba za su ga ranar ba. Abu biyu ke raba 'ya'yana, allo da nisa. Allo kun karya mai yin sa. Saura nisa."

Na roƙa. Na ce a yanke hannuna a ba masassaƙi, ya ce hannun mutum ba ya zayyana. Na ce a kashe ni, ya ce to Riƙau zai tashi neman ɗan'uwansa babu mai riƙe shi. Aka buɗe ƙofofi biyu, ɗaya yamma ɗaya gabas.

Daga can nesa Uwani ta ɗaga murya, "Baba, ba tare za mu tafi ba?"

Na ce, "Ki yi gaba, uwata. Akwai kayan da zan kai."

"Ka yi sauri!"

Tsatsa ta ja ta suka shige.

Ni ƙofar gabas ta tofar da ni a bayan garin Gashuwa. A nan nake har yau. Sana'ata ta mutu, don duk rediyon da na taɓa sai ta lalace, filaya kuwa manne mini take. Waya ba ta kwana a hannuna da rai, ko ta aro ce, saboda haka muryar 'yata ma an hana ni. Tabarmi nake saƙawa. Riƙau yana cikin akwatin katako mai turaku na itace, auduga ta kewaye shi ta ko'ina, a ɗakin da ba na barin yaron kowa ya shiga.

Akwai wani direban babbar mota, Ɗan'iya, mai kai kifi Malumfashi. Shi ke kai saƙona ya kawo nasu. Na aika wa Ladidi da hukuncin da aka yanke, ban faɗi dalili ba. Da ya dawo ya ce, "Maiɗakinka na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, wai 'yar askar da ta sa maka ta tsare ka ko? Ta ce ta san ba don ita ba, da ba su bar ku kun fito ba."

Na ce, "Ka ce mata ta tsare ni."

Shekaru suka wuce. Ɗan'iya ya ce Uwani ta yi tsawo, ta wuce kafaɗar uwarta, ta yi sauka. Wannan labari ya hana ni sukuni. Na ce a raina, sarkin aljanu bai san audugar rimi ba. Na sa aka yi mini akwati cikin akwati, na danƙara auduga, na ɗaure da igiya, na hau bayan motar Ɗan'iya. Ba shiga gari nake so ba. In tsaya kan tudu, a fito da ita bakin hanya, in hango ta ko kamar ɗigo.

Mun wuce Kano lafiya. Mun wuce Gwarzo. Sai akwatin ya fara gurnani. Ya ja jiki a kan buhuna, ya tafi ya daki bayan kan motar, ya tsaya yana turawa. Igiyoyi suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta dukan rufin ina ihu har Ɗan'iya ya taka birki. Da ƙyar muka sauke shi, mu biyu da wani manomi. Na ɗaura shi a baya na juya gabas da ƙafa, yana jana baya kamar ana riƙe da rigata.

Da Ɗan'iya ya dawo Gashuwa, bai zauna ba, bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Ya ce, "Malam Jatau, Uwani tana tsakar gida tana tankaɗe. Uwar ta ce gani kawai ta yi an ɗaga ta an maka da katangar gabas. Ta manne a nan, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, mutane suna ja sun kasa, sai da ka yi nisa ta faɗo. Haƙarƙari ya karye, an ɗaure. Tana numfashi da ƙyar, amma za ta tashi."

Na ajiye ruwan a ƙasa.

"Ta ba ni saƙo. Sai da uwar ta fita ta kira ni."

"Faɗi."

"Ta ce, ka gaya wa Baba na san shi ne ya zo. Ka ce masa ya yi ciwo, amma ba sosai ba. Ka ce ya sake zuwa."

Ya tsaya yana jiran amsar da zai kai. Na shiga ɗaki na duba igiyoyin akwatin, na ƙara ɗaure su. Da na fito na tambaye shi ko ya san direban da ke zuwa Geidam, can gabas da mu, ko ma gaba da can.